'Yar French

Obosuase, Akyem
21 ga Nuwamba, 1969

Zuwa ga Fo Senyo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Togbi Agbeko, babban gidan su Maame, da duk mutanen gida. Mu nan da sauƙi. Tarin Maame ne dai bai sake ta ba tun damina, amma tana fita gona, tana cin abinci.

Fo, wannan wasiƙar ba Maame ce ta sa ni rubutawa ba, ba ta ma san ina yi ba. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko a addu'a bakina ya kasa faɗa. Na zaɓe ka ne don, duk da Maame goggonka ce, ba ka taɓa ganin fuskata ba.

Wasiƙu uku ka rubuto a madadin Togbi tun rasuwar Paapa. Duk ukun sun ce Maame ta tattara ta koma gida Agu, can Togo, ta taho da ni. Ka san Maame ba ta karatu, ni ce idonta. Ko ɗaya ban karanta mata yadda ka rubuta ba. Nakan karanta mata gaisuwa, da wanda ya haihu, da wanda ya mutu. In na iso wurin da aka ce mu dawo, sai in ce Togbi ya ce ta yi haƙuri ta zauna ta riƙe gonar mijinta, gida ya cika. Amsoshin da kuka samu, masu cewa sai an cire koko, sai ta fita takaba, ni na ƙirƙire su. Ita abin da ta ce in rubuta shi ne ta ji, ta gode, za ta zauna tunda haka babba ya ce. Ranar farko da na yi mata haka, juyawa ta yi ta fuskanci bango, ta daɗe tana gyara ɗaurin zanen da bai kwance ba.

Za ka ce me ya sa. Da farko na gaya wa kaina saboda jarrabawa ne, saura min 'yan watanni in gama. Amma gaskiyar ita ce ban so in zama French ba.

Ban san ko can wajenku kun san yadda kalmar nan take a bakin mutanenmu ba. Ta Turanci ce, amma tsohuwar da ba ta san harafi ɗaya ba ta iya ta. French shi ne ɗan ƙwadagon da ya zo daga Togo ko daga arewa can, yana kwana a bukka cikin gonar wani. Atamfar fasa-ƙwauri French ce, haka sigari da barasa. Yaro in ya yi maganar da ba a gane ba, a ce ya daina yi wa mutane French. Hedimastanmu in ya auna wa ɗalibi ashar, sai ya ce a gafarce shi, French ne ya kuɓuce masa, aji ya yi dariya. Ni ma ina yi, har na fi kowa.

Sai kuma wata French ɗin, ta cikin littattafai. Matar limamin cocinmu tana ba ni aron littattafan soyayya, tsofaffi, wasu ba bango. A cikinsu French turare ne, da doguwar taga mai buɗewa kamar ƙofa, wadda budurwa ke bi ta fita lambu inda ake jiranta, da wata irin sumba da ba zan iya rubuta maka ba. Akwai ma tafiya irin ta French, wato mutum ya sulale ba sallama. Na taɓa duba ƙamus ɗin makaranta, na ga asalinta sunan wata tsohuwar ƙabila ne, Frank, kuma sunan nasu ya zo yana nufin ɗa, wanda ba bawan kowa ba. Na kwafe wannan a bayan littafin lissafina. Ta littafi nake so, ta gari nake tsoro, kuma ban taɓa yarda su haɗu a raina ba.

Shekara ashirin Maame tana amsa Adwoa a garin nan. Ba mai ce mata Adzo, sunanta na gida. Twi, yaren garin nan, a bakinta ya fi na wasu 'yan gari daɗi. Sai ranar da ta rufe ƙofa tana tuƙa akple ne kawai nake jin ta tana waƙa da yarenku, ni kuwa sai in fita in zauna a gindin lemo kar ƙawayena su zo su same ni a ciki.

To, ka ji abin da rediyo ya faɗa. Duk baƙon da ba shi da takardar zama, an ba shi mako biyu. Maame ba ta da kowace takarda, Paapa ne takardarta. Jiya Bra Darkwa ya zo, ɗan yayar Paapa, wanda ya gaji gida da gona kamar yadda ake yi a wurinmu. Ya tarar muna juya koko a kan shimfiɗar shanya. Ya ɗebi ƙwaya ya fasa da haƙori, ya ce ya bushe da kyau, sannan ya tambayi Maame ko ta ji rediyo. Ya ce shi ba ruwansa, mutane ne ke tambaya. Maame ta ce ita matar kawunsa ce, ga baƙin zanensa ma a jikinta.

Ya ce, “Baƙin zane ai ba takarda ba ne, Maame.”

Fo, ƙofar nan har yanzu a buɗe take? Don Allah kar ka gaya wa Togbi abin da na yi. Ka ba Daavi Mansa mai busasshen kifi amsa, ita za ta kawo maka wannan.

Ƙanwarka,
Afua Nyarkoa

*

Obosuase
1 ga Disamba, 1969

Fo Senyo,

Ina gaishe ka, ina gaida Togbi. Muna nan. Tarin Maame ya fara hana ta ɗaukar kwando.

Kwana goma ke nan ban ji daga gare ka ba. Daavi Mansa ba ta zo kasuwar Alhamis ba, wasu sun ce iyaka ta cushe, wasu sun ce ita ma ta daina shigowa. Wannan ta gidan waya zan aika. Na san watakila fushi kake yi. In fushin ne, ka rubuto ko zagi ne, zan karanta duka ba tsallakewa.

Gobe wa'adi yake cika. Tun shekaranjiya motocin katako suke tsayawa a bakin kasuwa. Papa Kodzo tela, wanda ya ɗinka min rigar makaranta tun ina aji ɗaya, ya sayar da kekensa a kuɗin da bai kai na tunkiya ba. Wanda ya saya yana tsaye yana gwada feda tun kafin motar ta tashi. An ɗaure tabarmi da tukwane a sama, mutane a ƙasa kamar buhuna. Yara suna bin motar suna rera French, French, sai wata rana. Matar Papa Kodzo ta leƙo ta tsakanin katako ta kira Maame da yarenku, a gaban kowa, ta ce akwai wuri, ta hau, kaya ba rai ba ne. Maame ta amsa mata da Twi ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Da muka dawo gida na ce mata da ma ta bi su. Ta dube ni ta ce, “In je ina? Gidan da aka aiko sau uku aka ce kar in zo?”

Fo, na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai ta fara tari, na je ɗebo ruwa, da na dawo kuma abin ya koma ciki.

A makaranta an rubuta kalmar da alli a kan tebur ɗina. Oforiwaa, wadda muke zama benci ɗaya shekara huɗu, ta ce idonta ya fara ciwo, ta koma gaba kusa da allo. Samarin baya suna ce min Madmazel, suna tambaya yaushe jirgin Paris zai tashi, in tuna da su da turare. Ni da ko ina kwana ban iya da Faransanci ba. Na sa littafi a cinya ina kallon layi ɗaya har aka tashi.

Wani lokaci nakan fito da wasiƙunka uku in duba rubutun kawai. Yana kwantawa gefen dama kamar masara bayan iska. Na ƙaddara kai dogo ne, mai magana a hankali, mai agogo. In ba haka ba ne kar ka gaya min.

Nyarkoa

*

Kpalime
28 ga Nuwamba, 1969

Ƙanwata Nyarkoa,

Na samu wasiƙarki jiya. Ina lafiya, Togbi ma lafiya, sai ƙafa. Ki gaida goggona Tasi Adzo, ki dafa mata citta da lemon tsami saboda tarin, kar ta riƙa shiga raɓa.

Ban gaya wa Togbi ba, kuma ba zan yi miki faɗa ba. Ba don abin da kika yi ƙarami ne ba. Wanda ke riƙe alƙalami a madadin wani ya san irin ƙaiƙayin da hannu ke yi.

Labarin kalmarki ya ba ni dariya a ranar da ba abin dariya. Kin san me ake kiran waɗanda ake saukewa a nan? 'Yan Ingila. Yaron da aka haifa a Kumasi ya sauko da ƙullin kaya, 'yan tasha suna ce masa ga Bature ya dawo, ina fam ɗin. Tafiyar nan ta sulalewa ba sallama kuwa, da Faransanci tafiyar Ingila ake ce mata. Kowa ya ɗora wa maƙwabcinsa. Togbi yakan ce an haife shi Bajamushe, ya yi samartaka ɗan Ingila, ya yi aure Bafaranshe, duk a gindin bishiya ɗaya, bai taɓa matsar da kujerarsa ba.

Ni a tashar jirgin ƙasa nake akawu, don haka ina ganin abin da idona. Mutane suna kwana a kan dandamali. Wasu sun yi kwana biyar a iyaka, rijiyar wurin ta ƙafe, an binne yara a gefen hanya. Ban faɗa don in tsorata ki ba, sai don ki san ba tafiyar da za a yi da ka ba ce. Mai tari ba za ta jure layin nan ba. Ina neman direban da ya san wata hanya.

Ƙofa a buɗe take ga Tasi Adzo, kullum. Taki maganar kuwa ki bar min ita, ina kanta. Tun da na karanta wasiƙarki kin tsaya min a rai.

Abu ɗaya nake so ki yi. Ki je wurin Darkwa cikin ladabi, ki roƙe shi ya aiko wa Togbi kwalbar barasa ɗaya tare da saƙon baki, cewa gidan ubanki sun sallame ki ki bi uwarki. Ƙaramar al'ada ce, tsofaffi suna son irin wannan. Kar ki ɓata lokaci.

Ba ni da agogo, na tasha nake kallo. [wannan layin na ƙara shi yau 4 ga Disamba, don wasiƙar ta dawo min daga iyaka, ta biyunki kuma ta iso.]

Yayanki,
Senyo

*

Obosuase
9 ga Disamba, 1969

Fo Senyo,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta iso ranar Asabar a hannun yayar Daavi Mansa, tana warin kifi, ban damu ba. Na dafa cittar. Maame tana sha, da safe da sauƙi, da yamma ya dawo.

Ba a taɓa ce min na tsaya wa wani a rai ba. Na karanta layin nan a gindin lemo, na karanta a hanyar rafi, har na iya inda alƙalaminka ya ɗiga. A littattafai in mutum ya ce ki bar min, to an gama, sai dai a ga ta yaya. Ni ba kyakkyawa ba ce, gara ka sani tun yanzu, gajera ce, kuma in baƙo ya yi min magana ƙasa nake kallo. Amma na iya sakwara, na iya guga, kuma zan koyi Faransanci da yarenku duka in akwai mai koya min a hankali. Ka yafe min, hannuna ne ya yi gaba.

Yanzu ga abin da ya faru. Wa'adi ya wuce. 'Yan sanda sun zo kasuwa sau biyu, suna tsayar da mutum su sa shi ya yi magana su ji harshensa. Maame tana wuni a bukkar gona, ni nake kai mata abinci a ƙarƙashin ganyen ayaba kamar mai kai wa ɓarawo. Ranar Lahadi bayan coci Bra Darkwa ya gaishe ta a bakin ƙofa da ƙarfi, ya ce, “Adzo, ya jiki?” Mata suka juyo. Ba wanda bai san asalinta ba da ma, amma ba a taɓa faɗa ba.

Duk da haka na je wurinsa jiya, kamar yadda ka ce. Na same shi da uwarsa, Sewaa Dansoa, yayar Paapa, suna auna koko. Na durƙusa na faɗi saƙo. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda so yake mu tafi. Sai ya ajiye buhu ya kira uwarsa ta zo ta ji wayon mutanen French.

Ya ce, “In sallame ki? Da ma a hannuna kike? Ke jinin uwarki ce, haka muke tun kakanni. Ni nan da kika gani, na gidan wannan tsohuwar ne, shi ya sa na gaji kawuna.”

Na ce kwalba ɗaya ce kawai, ni zan nemo ta, shi dai ya ba da baki. Sewaa Dansoa ta ce yarinya ce ni, ban san abin da nake roƙo ba. Ta ce ranar da kwalba ta fita daga gidan nan da sunana, ranar suka shaida wa duniya ni tasu ce, gobe sai in dawo da dattawa in ce ɗaki, in ce makaranta, in ce gefen gona. Ta ce ba ta ƙi ni ba, ita ta yi min wankan farko, amma dangi ta ciki ake bin sa, ba ta gemu ba. Ta ba ni lemo biyu in kai wa Maame. Bra Darkwa kuma ya ce ɗakin da muke ciki yana son sa kafin Kirsimeti, zai zuba buhuna.

Fo, tun jiya nake juya abin. Togbi ya kira mu sau uku, ni da Maame, da sunana a ciki, na gani da idona. To me ya sa yanzu sai an sallame ni? Wanda ya ce zo ai ba ya neman izini daga wani. Ko al'adar tana da wata ma'ana da kake jin nauyin faɗa min? In kai ne kake son kwalbar don wani dalili naka, ka faɗa, ba zan gaya wa kowa ba.

Har yau ban gaya wa Maame komai ba. Na ce in bari sai na zo mata da labari mai daɗi a hannu ɗaya, sannan in ba ta mummunan a ɗayan.

Taka,
Nyarkoa

*

Kpalime
14 ga Disamba, 1969

Nyarkoa ƙanwata,

Gaisuwa gare ki da Tasi Adzo. Muna lafiya. Matata Akossiwa tana gaishe ki, jaririnmu yana fitar da haƙori, ba ma barci. Ya kamata in ambace su tun farko, laifina ne.

Kin yi min ikirari, ban yi miki nawa ba. Ga shi.

Togbi bai taɓa cewa a taho da ke ba. Sau ukun nan abin da ya ce shi ne Adzo ta dawo. Ni na ƙara sunanki. Na ga ba a rubuta wa uwa ta taho ta bar 'yarta, na ce in kun iso tare ba wanda zai kori yarinya daga bakin ƙofa. A watan Afrilu da hakan ya yiwu, gida ba kowa, rumbu cike. Da kin karanta mata gaskiyar ƙaryata a lokacin, da yanzu kina nan. Ban faɗi haka don in ɗora miki ba. Mu biyu muka yi, kowa daga nasa gefen.

A wurinmu ɗa na gidan uba ne. Ubanki ya zo Agu da kwalba biyu da turmin zane kafin a haife ki, Togbi ya karɓa, ya zuba wa kakanni a ƙasa, ya faɗa musu duk abin da Adzo ta haifa na gidan mutumin nan ne. Shi a ganinsa, ya ɗauke ki ba da bakin gidan ubanki ba, sata ce, kuma ya ƙaryata kansa a gaban matattu. Shi ya sa na nemi kwalbar. Na san al'adar mutanen ubanki a littafi, amma ban taɓa zama na haɗa biyun na ga inda suka bar ki ba.

Ranar Laraba na hau Agu na durƙusa masa. Mutum talatin da wani abu ne a gidan yanzu, duk daga wajenku, ana dafa rogo sau ɗaya a wuni. Ya saurare ni har na gama. Ya ce jikokinsa bakwai ta wajen 'ya'ya mata ya mayar a makon nan, in ya buɗe wa ɗaya me zai ce wa bakwai. Ya ce, “Ba ni na yi dokar ba, Senyo, tarar da ita na yi. Ta kawo bakin gidan ubanta, in shimfiɗa mata tabarma da hannuna.” Yana faɗa yana hawaye, amma bai sauya ba.

Na yi tunanin ɗakina. Ɗaya ne. Surukata da ƙannen Akossiwa uku da aka koro daga Accra suna kwance a ƙasa, ni a tasha nake kwana a kan benci. In abubuwa suka lafa, watakila bayan Ista, ba zan manta da ke ba. Amma ba zan sake rubuta miki alkawarin da ban riƙe a hannu ba.

Na samu direba, Efo Gameli, mutumin kirki ne, ya san hanyar dutse da ba layi. Zai tsaya a mararrabar Koforidua ranar Asabar, 20 ga wata, da hantsi. Wuri ɗaya ya ajiye a gaba, kusa da shi. Bayan wannan ya ce ba zai sake shiga ba.

Takarda ta biyu da ke cikin ambulan ta Tasi Adzo ce. Na rubuta ta a gaban Togbi, kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba. A ciki ya tambaye ta me ya sa ya kira ta sau uku ta ƙi zuwa. A ciki ya faɗi maganarki yadda take. Na so in cire tambayar saboda ke, hannuna ya tsaya a kai, sai na bar ta.

Ba ni da ikon gaya miki yadda za ki yi da ita.

Yayanki,
Senyo

*

Obosuase
18 ga Disamba, 1969

Fo Senyo,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Akossiwa da jariri, Allah ya sa haƙoran su fito lafiya. Shafin farko na wasiƙata ta tara ga wata, don Allah ka yage shi. Maame ta yi tari da jini kaɗan shekaranjiya, ta ce busasshen kifi ne ya karce ta.

Wasiƙarka ta kwana biyu a cikin rigata. Ban yi fushi da kai ba. Na nema, ban samu ba.

Na tsara yadda zan karanta mata, har na haddace. Zan ce Togbi ya sauko, ya ce ta zo ranar Asabar a yi mata magani, ni kuma in tsaya in rubuta jarrabawa, in biyo ta bayan Ista, an riga an ware min tabarma. Zan ce matar liman ta yarda in zauna wurinta. Ban tambaye ta ba tukuna, amma ina jin in na yi wanki da shara ba za ta ƙi ba. Da wannan karatun Maame za ta hau motar. Na san ta. Za ta yi kuka, ta ɗaure min 'yan kunnenta a bakin zane, ta hau. Ta isa inda ake kiranta da sunanta, ta sha iskar dutse. Kafin ta gane, tana can, ba hanyar dawowa. Ƙarya ce mai kyau, Fo, ta fi ukun farko kyau nesa, don wannan ba don kaina ba ce.

In kuwa ta ji takardar yadda take, abu biyu za ta sani a zama ɗaya. Za ta san mutanenta ba su taɓa ƙin ta ba, 'yarta ce ta tsaya a tsakani wata takwas. Za ta kuma san ba inda ake jirana. Ina tsoron ta ce ba ta tafiya, ta koma bukka da tarin nan har su zo su ɗauke ta a babbar mota zuwa layin da ka faɗa. Ina kuma tsoron ta ce za ta tafi. Ban san wanne na fi tsoro ba.

Jiya da rana na kai mata ampesi, dafaffiyar ayaba da doya, a gona, da niyyar in yi karatun da na haddace. Na fito da takardar. Ta goge hannu, ta karɓa, ta juya ta gaba da baya kamar mai duba atamfa, ta bi layukan da yatsa har ƙasa. Ta miƙo min. Kafin in fara ta ce, “Afua, takardun gida kullum dogaye ne, karatunki gajere.”

Ba da faɗa ta faɗa ba. Tana ɓare ayaba ma. Na ce rana ta yi min yawa a ido, sai gobe. Ta ce to, sai goben.

Na dawo ina tafe ina tunani. Sau uku na zaɓar mata, ina ganin na fi ta sanin abin da ya dace. Kai ma ka zaɓar mata. Togbi ya zaɓa, Bra Darkwa ya zaɓa, rediyo ya zaɓa. Ita kaɗai ce ba a tambaya ba, kuma ranta ne, 'yar ma tata ce. Ni kuma na san bakina. In na ce zan karanta mata gaskiya da kaina, ina isa wurin tambayar Togbi harshena zai kauce, ya saba.

Don haka na gaya mata da safen nan cewa wannan takardar ba ni zan karanta ba. Za mu je wurin Papa Amoako, malamin cocinmu, shi ba ya tsallake ko aya, ko sanarwar biki yake karantawa. Na ce zan tafi da tsofaffin ukun ma, ya karanta mata su daga farko. Ta daɗe tana kallona, ba ta tambaye ni dalili ba. Ta ce in jira ta sauya zane, ba a shiga gidan malami da kayan gona.

Tana ciki yanzu, ina jin ta tana neman ɗankwali. Ka gaya wa Efo Gameli ya tsaya a mararrabar kamar yadda ya ce, ya ɗan jira. Ban san ko zai ga kowa ba. Takardun huɗu suna kan cinyata, na jera su bi da bi. In mun isa zan durƙusa in miƙa masa da hannu biyu, sannan in koma in zauna kusa da ita, inda hannunta zai kai gare ni ko me ta ga dama ta yi da shi.

Ga ta nan ta fito.

Ƙanwarka,
Afua Nyarkoa